Amsa ga ɗana da ya tambaye ni ko kofi ya zama na Houston

Ɗana, assalamu alaikum.

Ran Asabar da yamma, gab da buɗe kakar 2025-26 ta NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a bakin filin ƙwallon kwando, gaban abokanka kusan goma, ka dube ni ka ce: "Kawu, kai da ka tsufa kana son Houston, yanzu da kun sayo Kevin Durant mi ya rage? Ka hito hili ka ce kofi naku na, ko tsoro kake ji?" Kiran magariba ya raba mu ban ba ka amsa ba, kuma na ji labarin maganar ta zagaya majalisu daga Mabera har Runjin Sambo, wai Kawu ya kasa magana. Tun da a bainar jama'a ka tambaye ni, a bainar jama'a zan amsa maka.

Ban ce kofi namu ne ba, kuma ba zan faɗa ba. Cinikin ya yi mini daɗi, da ni ne a kujerar shugabannin ƙungiyar da na yi shi. Amma yin ciniki mai kyau daban, ɗaga kofi a watan Yuni daban.

Bari in fara gyara maka kalma ɗaya. Ka ce mun sayo shi, kamar yadda kuka saba a ƙwallon ƙafa inda kulob ke zuba kuɗi ya ɗauki ɗan wasa. A NBA musaya ake yi, sai ka ba da naka kafin ka karɓi na wani. Houston ta miƙa wa Phoenix Jalen Green da Dillon Brooks, da damar zaɓe ta goma a zaɓen matasa na 2025, wadda Phoenix ta samu Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu da ita, da wasu damammaki biyar na zagaye na biyu. Green matashi ne, shi ya fi kowa ci mana maki a kakar 2024-25. Brooks kuwa shi ake turawa ya manne wa gwanin abokan hamayya har ya hana shi sakat. Duk mai murnar zuwan Durant ya kamata ya san abin da ya fita ta ɗaya ƙofar.

Me ya sa duk da haka na yarda da cinikin? Saboda daren da Golden State ta fitar da mu daga zagayen neman kofi a farkon watan Mayun 2025. Ka san zafin Sakkwato a wannan lokaci, ɗaki ba ya kwantuwa. Ina tsakar gida kan tabarma, na jingina waya da buta, an fara wasa bayan ƙarfe ɗaya na dare. Wasa na bakwai ne, na ƙarshe mai raba gardama, a gidanmu, mu da muka ci wasa 52 cikin 82 muka zo na biyu a rukunin Yamma. Yaran suna tsaro kamar ransu zai fita, suna ƙwato ƙwallo a ƙarƙashin kwando, amma in an zo jefawa sai kowa ya miƙa wa na kusa da shi. Green da ya ci maki 38 a wasa na biyu, 8 kawai ya samu a wannan dare. Aka tashi 103 da 89. Na zauna a wurin har aka yi kiran assalatu ban runtsa ba. Abin da muka rasa a bayyane yake: mutum ɗaya wanda in wasa ya yi zafi, saura minti biyu, za a ba shi ƙwallo kowa ya matsa gefe. Wannan aikin Durant ne, kusan shekara ashirin yana yin sa, kuma ko a kakar 2024-25 yana cin maki sama da 26 a kowane wasa. An ga rami an samo abin cike shi. Wannan shi ne ciniki na hankali.

To sai dai suna ba ya ɗaga kofi, kuma Durant ɗin nan da kansa shi ne shaida. A Brooklyn an haɗa shi da Kyrie Irving da James Harden, duniya ta ce an gama. Wasa 16 kacal suka buga su uku tare kafin tafiyar ta watse. A Phoenix an haɗa shi da Devin Booker da Bradley Beal. A 2024 Minnesota ta share su huɗu ba ko ɗaya a zagayen farko, a 2025 kuma suka ci 36 aka ci su 46, ko ƙofar zagayen neman kofi ba su leƙa ba. Ba don Durant ya daina jefawa ba ne. An tara masu jefawa uku ba a tanadi mai raba musu ƙwallo na kirki ba, kuɗin albashi kuma ya ƙare a kansu, benci ya zama fayau. Kakanka da ya yi noma da shanu, in ya je Kara sayen sa, ba ya tsayawa kan wanda ya fi tozo. Yakan tuna da wanda ya bari a gida, ya auna tsayinsu da takunsu, don ya san in ɗaya ya fi ɗaya sauri a ƙarƙashin karkiya, kunya karkacewa take yi komai ƙarfinsu.

Akwai wanda ya yi irin wannan caca ya ci, kuma namu ne. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando. A 2018, yana shugabancin Toronto, ƙungiyarsa ta ci wasa 59 amma Cleveland ta LeBron James ta share ta. Ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka ba kocin kyautar gwarzon masu horarwa. Ya ɗauki DeMar DeRozan, ɗan lelen garin, ya ba San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard wanda wasa 9 kawai ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Zagi babu irin wanda bai sha ba. A 2019 Toronto ta ɗauki kofi, karon farko da ya tsallaka zuwa Kanada. Ku matasa wannan ɓangaren kuke riƙewa, ku ce tauraro ɗaya ya isa. Abin da kuke mantawa shi ne gidan da Kawhi ya tarar. Kyle Lowry na nan, Serge Ibaka na nan, ga Pascal Siakam ɗan Kamaru da Ujiri ya zaɓo a lamba ta 27, ga Fred VanVleet wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2016. Shekaru aka yi ana ginin, Kawhi jinka ce aka ɗora a kai.

Ta wannan fuska Houston ta fi kama da Toronto fiye da Phoenix, shi ya sa nake da fata. Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma shi kansa ya buga wa ƙasar nan wasa, ya karɓi ƙungiyar da ta ci wasa 22 a 2023, ya kai ta 41, ya kai ta 52. A cinikin Durant ba a taɓa Alperen Sengun ba, wanda ya kai Turkiyya wasan ƙarshe na gasar Turai a watan Satumban 2025. Ba a taɓa Amen Thompson ba.

Amma VanVleet ɗin da na ambata, wanda yanzu shi ne mai raba mana ƙwallo, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a watan Satumban 2025 tun ba a fara kaka ba. Wannan labari ya fi tsaya mini a rai fiye da duk murnar damina. Wa zai riƙe ƙwallo in an matsa mana? Thompson, wanda ba gurbinsa na asali ba ne, ko Reed Sheppard da ke shiga shekararsa ta biyu? Kada ciwon Phoenix ya biyo Durant har Texas. Shi kansa ya cika shekara 37 a 2025, kuma agararsa ta taɓa tsinkewa a 2019. Mun ga yadda agara ta kwantar da Damian Lillard da Jayson Tatum da Tyrese Haliburton cikin wata biyu a 2025, ta canza lissafin ƙungiyoyi uku. Wanda ya ga wannan ya ce maka ya san mai kofi tun Oktoba, cinikin biri a sama yake yi da kai.

In dole sai na kama suna, Oklahoma City zan kama, ko da zuciyata ba ta so. A kakar 2024-25 sun ci wasa 68, sun ɗauki kofi, ba su rasa kowa cikin manyansu ba, sun kuma sabunta kwantiragin Shai Gilgeous-Alexander da Jalen Williams da Chet Holmgren a watan Yulin 2025. Ka tuna yadda aka faro. A 2019 sun ba Clippers Paul George, suka karɓi Shai yana yaro da damar zaɓe biyar na zagayen farko, kuma da ɗaya daga ciki suka ɗauko Williams a 2022. A lokacin Clippers ake yi wa guɗa, su kuma ana tausaya musu. Daga baya Oklahoma ta ci wasa 22 kacal a kaka ɗaya, 24 a ta gaba, suka haƙura. Abin da kawai ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne tun daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofi, babu wadda ta maimaita. Dokar albashi ta 2023 ta sa riƙe taurari da yawa ya yi tsada, ita ta tilasta wa Boston rabuwa da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis shekara ɗaya bayan sun ci kofi. Denver ma tana nan da Nikola Jokic, ita da ta kai Oklahoma wasa na bakwai.

Ka ce ko tsoro nake ji. Ɗana, na fara son Houston ne a kaset na bidiyo da wani ɗan'uwa ke kawo mana daga Legas, muna taruwa a ɗaki ɗaya muna kallon Hakeem Olajuwon yana juya manyan ƙarti, wani lokaci ma da azumi a bakinsa. A 1995 a matsayi na shida muka shiga zagayen neman kofi, babu mai lissafi da mu, muka ɗauka karo na biyu a jere. Shekara talatin ke nan ban sake ganin wannan rana ba, kuma na ga damina da yawa da aka ce mana bana ce. Ina son wannan kofi fiye da yadda kake tsammani, shi ya sa ba na wasa da maganarsa.

Roƙona gare ku, ku yi gardama iya son ranku amma ku bar zagin juna a kai. Na ji abin da ya shiga tsakaninka da abokinka mai son Lakers kan maganar Luka Doncic, kuma bai yi mini daɗi ba. Ka je ka same shi.

Ran 21 ga Oktoban 2025 za a buɗe kaka, kuma Houston ce za ta je gidan Oklahoma a daren da za a raba musu zobban kofi. A agogonmu bayan sha biyun dare za a fara. Ka taho da abokin naka, zan shimfiɗa tabarma in ɗora shayi. Ni ba Durant zan zuba wa ido ba, hannun da ke kawo masa ƙwallo zan kalla.

Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka,
daga Sakkwato