Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiyar da ta tambaye ni inda ake kai ƙara

Assalamu alaikum Hajiya,

A taron iyayen yara kin miƙe kin tambaye ni: wanda aka yi wa ƙage ko barazana a intanet, ko ma'aikaci ya ci amanar aikinsa a kansa, ina zai dosa? Lokaci ya ƙure ranar, ga amsar yanzu.

Barazana ba ta jira. Kada ki rama, kada ki goge saƙon. Ɗauki hotonsa da lambar wayar da ranar da ya shigo, ki kai caji ofis na unguwarku. In suka yi miki riƙon sakainar kashi, rubuta koke ga Kwamishinan 'Yan Sandan Kano a hedikwatarsu da ke Bompai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukuncin irin wannan a sashe na 24.

Labarin ƙarya kuwa, a nan nake roƙon a yi hattara. Ba kowace ƙarya ce ta 'yan sanda ba. Da wannan sashen aka sha tsare 'yan jarida, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Ni dai ba na son mu mayar da shi sandar dukan duk wanda ya ɓata mana rai. Jita-jitar WhatsApp, irin ta ruwan gishiri lokacin Ebola a 2014, masu tantance labarai kamar Dubawa ake tura wa, sannan a kai rahotonta ga Facebook ko TikTok. In gidan rediyo ne ya yaɗa, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ce da shi. In sunanki aka ɓata, ga lauya ga kotu.

Ma'aikaci kuma kowa da ubangidansa. Likita, majalisar likitoci ta MDCN, kuma sai kin haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Yawancin mutane a nan suke sarewa, alhali ba wani abin wahala ba ne. Lauya, kwamitin ladabtarwa na LPDC. Ɗan sanda, sashen ƙorafi na CRU. Ma'aikacin gwamnatin jiha, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano.

Duk inda kika kai takarda, ki tafi da kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki dawo da shi gida.

Wassalam,
Ɗan'uwanki lauya, daga Gyaɗi-Gyaɗi