Wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya karɓi aikin tsakar gidana a Garwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban kamfani, ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba, amma abin da manajanka ya gaya mini ranar Talata 22 ga Yuli ya sa ba ni da wata ƙofa sai wannan. Da ƙarfe 4 da minti 10 na yamma ya ɗaga wayata, bayan na yi makonni ina kira tana ringin har ta katse. Na gaishe shi, na ce ruwa ya sake shiga ɗakin mahaifiyata. Ga abin da ya ce, ban ƙara ko harafi ba: "Alhaji, aikinmu na zamani ne, ba na masu zaman tabarma ba. In ruwa ya dame ka, ka sayi bokiti." Ya kashe waya. Na haife shi, kuma lokacin da yake neman aikin nan Baba yake ce mini.

A Facebook na ga hotunanku. Abin da na nema bai da yawa: wurin da iyali za su sha iska da yamma, inda mahaifiyata Hajiya za ta yi lazimi, inda za mu shimfiɗa buɗa-baki da azumi. Ranar 14 ga Janairu 2025 kuka kawo takardar kuɗin aiki, sefa miliyan 2 da jaka 400, na pabe (bulon shimfiɗa ƙasa), tayil, rumfa, dakalin fulawa da fitilu. A ranar na biya miliyan 1 da jaka 200. Na ƙara jaka 700 ranar 3 ga Fabrairu, rasit ɗin yana hannuna. Daga baya wani yaronku ya zo ya ce siminti ya tashi, na tura jaka 150 ta waya, wannan ko takarda ba a ba ni ba. An ce mako uku za a gama. Azumi ya zo ya same mu da tulin yashi a ƙofar madafa.

Darbejiyar ce ta fi ci mini rai. Mahaifina ya dasa ta tun kafin in yi aure, ita ke rufe rabin tsakar gidan. Da bakina na ce a rage rassa biyu da suka sauka kan katanga, yaronku ya ce to. Na dawo daga kasuwa na tarar da kututture. Hujjarku wai ganye zai riƙa ɓata tayil, kuma a hoton da kuke bi babu itace. Hajiya ta tsaya ta dubi wurin, ba ta ce komai ba, ta koma ɗaki. Har yau ba ta sake zama a can ba.

A madadin inuwar da kuka sare, kun kafa rumfa da kwanon roba mai haske, gajera, wadda dogon mutum zai taɓa da hannu. Ku da kuke zaune a Garwa sai an gaya muku yadda Maris da Afrilu suke? Zafi yana haura digiri 40. Robar tana barin rana ta ratso, zafin ya taru a ƙasa ya rasa hanyar fita. Sannan kuka shimfiɗa baƙin tayil a filin da babu rufi. Jikata 'yar shekara uku ta fito da gudu ba takalmi wajen azahar, ta kai tsakiya ta kasa gaba ta kasa baya, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya tana ihu. Kwana biyu tafin ƙafarta yana ja. Ciyawar robar da kuka liƙa a gefe ita ma haka take, har wari take yi da rana.

Iskar farkon damina a Mayu ta kwashe kwano biyu. Ginshiƙan da aka rubuta za su zama na ƙarfe, ashe biyu daga ciki farin katako ne aka shafa wa baƙin fenti, gara ta riga ta fara su. Fitilu shida, uku ke kamawa.

Babbar ɓarnar ita ce ta ruwa. Gidan nan tun asali daɓensa yana da gangare zuwa rariyar da ke gindin katangar yamma, shekara da shekaru ruwa na bi ta nan ya faɗa kwata. Kun zuba kankare kun ɗaga filin har ya fi dokin ƙofar ɗakuna tudu, sannan kuka gina dakalin fulawa daidai bakin rariyar kuka toshe ta. Wani tsohon magini maƙwabcina ya leƙo ana cikin aikin ya ce wannan ba zai yi ba, yaranku suka yi masa dariya. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi a ƙarshen Yuni, ƙarfe uku na dare na iske Hajiya tsaye cikin ruwa har idon sawu, ta rungume Alƙur'aninta a ƙirji, tana haska katifa da tocila. Ta haura shekara 80. Buhun shinkafa da na gero sun jiƙe. Bayan ambaliyar ruwan da muka gani a garin Yagwa a 2024, wane mai gini ne a arewacin Kamaru zai yi wasa da hanyar ruwa?

Na je ofishinku sau nawa, ban ma riƙe ba. Yau manaja ya tafi Ngaundare, gobe yana Marwa. Saƙon da ya zo daga wurinku guda ɗaya ne, na neman cikon jaka 500.

Ga abin da nake nema. Ku buɗe rariyar, ku fasa kankaren ku mayar da gangaren yadda yake, kafin ruwan Agusta ya kankama. Ku cire baƙin tayil da kwanon roba, ku ɗaga rumfar ku rufe ta da abin da ke hana zafi, ko da zana ce a kan azarar giginya irin ta iyayenmu, wadda gara ba ta iya mata. Ku dawo mini da jaka 150 da aka karɓa ba rasit. Manajanka kuma ya zo har gida ya ba Hajiya haƙuri. Darbejiyar ba ku da abin biyanta.

Tun da na fara faɗa wa mutane, biyu sun same ni a masallaci da labari irin nawa, ɗaya a unguwar Pumpumre, ɗaya can wajen Rumde Ajiya. Shi ya sa yanzu nake ganin ba kuskure ba ne, haka kuke aiki. Kuna kwaso hotunan gidajen Dubai da Faransa daga intanet, ku nuna wa mutane a waya, ku karɓi rabin kuɗi, ba ku taɓa tsayawa kun duba ta ina rana ke faɗuwa a gidan ko ta ina ruwa ke fita ba. Kun raina tabarma, kun raina daɓe da inuwar itace, alhali masu waɗannan ne ke biyan ku.

Na ba ku zuwa Litinin 11 ga Agusta. In ban ga ma'aikatanku ba, zan kawo wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta ɓarnar da idonsa, in kai ƙara ofishin ma'aikatar kasuwanci a ƙarƙashin dokar kare haƙƙin masu saye ta 2011, tare da mutanen nan biyu. Rasit, hotuna da lokacin kowane kira duk suna ajiye.

Wassalam.
Wani magidanci a unguwar Yelwa, Garwa.