Ba ƙwallo ke haɗa mu faɗa ba, tiken caca ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in ce wani abu a kan wasan barkwancin nan na Hausa da ake ta tura mana a WhatsApp, wanda aka nuna wani Alhaji ɗan Barcelona da mijin 'yarsa ɗan Real Madrid. Ga wanda bai gani ba, yaron ya zo gaida surukinsa ran da ake buga wasan, yana durƙushe kansa a ƙasa wai shi mai kunya, Madrid na zura ƙwallo sai bakinsa ya suɓuce ya yi ihu, Alhaji ya wurge shi da buta ya fasa talabijin ya rantse sai 'yarsa ta dawo gida a daren. Ƙarshe liman ya zo ya karanto masu hadisin nan da Annabi (SAW) ya yi ta maimaita wa wani sahabi cewa kada ka yi fushi, aka sasanta. Mun yi dariya sosai, wanda ya fito a Alhajin ya iya, musamman inda yake neman carbinsa alhali yana rataye a wuyansa.

Amma ni dai a ganina sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Sun nuna kamar adawar ƙwallo ce da kanta take sa mutum ya haukace, mu kuwa nan Garwa ta ƙasar Kamaru da adawar muka tashi kuma ba ta raba mu ba.

Ai ba adawar da ta kai ta Kamaru da Najeriya zafi a wajenmu, don gida ɗaya za ka samu uba ɗan Kamaru uwa 'yar Yola ko Mubi, kawu yana da shago a Kano. Sau uku muna cin su a wasan ƙarshe na kofin Afirka, 1984 da 1988 da 2000, kuma na 2000 ɗin a Legas aka yi a gaban mutanensu, aka tashi 2-2 aka je fenariti, ƙwallon Ikpeba na Najeriya ta daki ƙarfe ta sauka bayan layi alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe muka ɗauke kofi. Har yau in ka zauna wajen mai shayi a Yelwa ka ce wa ɗan Najeriya "ba ta shiga ba" to ka tsokano tsuliyar dodo, zai ajiye kofi ya tashi tsaye yana auna maka layi da ƙafa a ƙasa, amma shi ɗin ne zai biya maka shayin. Su ma da suka rama a Abijan a watan Janairun 2024, Lookman ya zura mana biyu ba ko ɗaya, wayoyinmu ba su huta ba har asuba, dangi na can sai kira suke suna mana ta'aziyya wai ya haƙuri. Wannan wasa ne irin na Fulani da Barebari, a faɗa maka baƙar magana ka rama a wuce.

Kuma kar a manta kofin Afirka da aka yi a Kamaru a 2022 da aka kawo rukunin Najeriya filin Rumde Ajiya na nan Garwa, mu 'yan Garwa mu muka cika filin muna mara masu baya, suka ci Masar 1-0 da Salah ɗin da komai, suka ci Sudan suka ci Gini Bisau. Ran da Tunisiya ta fitar da su aka ba Iwobi jan kati garin nan shiru ya yi kamar mu aka cire. To ina gabar take?

Abin da ya canza shi ne kuɗi. Da can mutum in an ci kulob ɗinsa ya rasa abincin dare ne kawai don takaici, gobe ya fito a yi masa dariya. Yanzu ka shiga gidan kallo ka duba hannun samari, kowa da 'yar doguwar takarda a dunƙule ko waya a buɗe, ido ɗaya a talabijin ɗaya a tike. Yaro ya jera wasa goma a tike ɗaya da sefa 500 yana lissafin zai sayi moto, wato babur, tara sun shiga saura ɗaya, a minti na 90 a ci ƙwallon da ta ɓata masa komai, sai na kusa da shi ya yi tsalle yana murna don kulob ɗinsa ne. Shi wannan murnar ƙwallo yake, shi kuwa wancan kuɗin balas ɗin mai moto ne ya tafi, ko na cefanen da babarsa ta aike shi. Daga nan sai ka ji ashar, benci ya kife, wani ya cire ɗamara. Na ga an fasa wa yaro baki a kan wasan wasu ƙungiyoyi biyu na Turkiyya da shi mai dukan ko sunansu bai iya faɗa ba, wace adawa ce wannan? Wani ma ɗan Barcelona ne na gani kashe ni amma yana addu'a a ci Barcelona don haka ya sa a tike.

Shi ya sa na ce da limamin cikin wasan ya ƙara da ayar Suratul Ma'ida, inda aka faɗa ƙarara cewa da giya da caca shaiɗan yake jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, da ya fi dacewa da abin da muke gani. Ba wai ina cewa babu masu zuciya ba tun asali, akwai su, har cikin filin ma, Zidane da girmansa ya sa wa Materazzi kai a ƙirji a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2006. Amma mai zuciyar da aka sani ana lallaɓa shi ne, a bar masa kujerar gaba, a daina tsokana in an ga jijiyar wuyansa ta tashi. Wanda kuɗinsa ya nutse ba ka ma san shi ba sai ka ji mari.

Abin haushin ma duk wannan zafin kan a kan Turawa ne. Ga Coton Sport ɗinmu da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 ta kara da Al Ahly, ga Vincent Aboubakar da ya fito daga cikinta ya ci mana kofin Afirka na 2017 ya kuma zura wa Brazil a kofin duniya na Katar, amma in tana wasa a gida ka ga kujeru wayam, samari na can ɗakin kwano suna gumi a kan Getafe.

Roƙona ga masu shirya wasan, in za su yi kashi na biyu su sa tike a aljihun surukin nan mu ga yadda za a ƙare. Ku kuma Malam Edita ku turo wakilinku ya zaga Garwa da Marwa da Ngaundere ya ga yawan rumfunan cacar nan, ya duba nawa ne ke kusa da makarantu, ya kuma tambayi masu su ko suna duba shekarun yaran da ke miƙo masu kuɗi.

Naku,
mai karanta ku daga unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.