A Karanta Lambobin Taya Kafin a Canza wa A-kori-kura Ƙafa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama yayi, wadda nake ganin illarta kusan kowane mako a garejina. Ni bakanike ne, kuma na shafe fiye da shekara 20 ina gyaran ƙananan motocin ɗaukar kaya da muke kira a-kori-kura, musamman Hilux, wadda ta gaji aikin jaki da raƙumi a gonakinmu da kasuwannin ƙauye. Mutum zai sayi motarsa lafiya lau, kafin mako ya zagayo ya kwance tayoyi da wilin da kamfani ya sa mata, ya ɗaura waɗansu manya masu ƙyalli, bai tambayi kowa abin da hakan zai jawo wa birki da boris da sitiyari ba.

Ba ina cewa duk wani canji kuskure ne ba. Wanda ke ratsa rairayin arewacin Yobe ko hanyoyin ƙauyukan Damagaram, da wanda ke shiga fadama da damina, yana da dalilin neman tayar da za ta ɗan ɗaga masa cikin mota daga ƙasa. Amma ya kamata ya san abin da ya saya da kuɗinsa. Hilux da yawa na wannan zamani suna fitowa daga kamfani da taya mai lamba 265/65R17. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 265. Ta biyu tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na wannan faɗin. Ta ƙarshe kuwa girman wili ce, inci 17. Idan aka haɗa lissafi, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. Wadda nake yawan ganin ana maye gurbinta da ita, wato 285/70R17, tsayinta milimita 831 ne. Bambancin milimita 55 ke nan, kuma rabinsa kaɗai ke ɗaga mota, domin ɗaya rabin yana saman aksil. Duk kuɗin da aka zuba, ƙarin tsayin da aka samu bai cika santimita 3 ba.

Abin da aka bayar a madadin waɗannan santimita 3 ɗin shi ne ba a faɗa wa mai mota a wurin ciniki. Sabuwar tayar ta fi tsohuwar girma da kashi 7 cikin 100, ita kuwa mota ba ta san an canza mata ƙafa ba, juyawar taya kawai take ƙirgawa. Saboda haka idan allurar gudu ta nuna 100, direba yana tafiya ne a kan kusan kilomita 107 a awa ɗaya, kuma idan mitar tafiya ta nuna kilomita 5,000, motar ta ci kusan 5,350, wato an wuce lokacin juye baƙin mai ba a sani ba. Birki ma haka ne: farantinsa da takalminsa suna nan yadda suke, amma an ba su taya mai nauyi da tsawo su tsayar, dole tazarar tsayawa ta ƙaru. Injin kuma sai ya zama kamar wanda ake tilasta wa tashi da giya ta biyu, ƙarfi ya ragu a hawa, shan mai ya ƙaru, kulos ya riƙa ƙonewa da wuri. Masu mota sukan dawo mini suna cewa injin ya yi sanyi, in duba ko'ina in tarar ba abin da ya same shi.

Akwai kuma maganar kifewa, wadda ta fi damuna saboda a ƙasar nan bayan a-kori-kura ba buhuna kaɗai yake ɗauka ba, har da 'yan kasuwa da 'yan biki da leburorin gona. Irin wannan mota tun asali doguwa ce, nauyinta yana sama. A 2007, da kuma 2016, mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta gwada Hilux a gwajin kauce wa abin da ya faɗo hanya kwatsam, kuma duka sau biyun motar ta ɗaga tayoyinta na gefe ɗaya har ta kusa kifewa, abin da ya sa kamfanin ya yi gyara daga baya. Wannan fa mota ce yadda injiniyoyinta suka tsara ta. To ina ga wadda aka ƙara wa manyan tayoyi, sannan da suka fara gogar bodi aka ɗaga sifirin da shokozoba domin a sama musu wuri, aka kuma lafta mata kaya sama da kan direba, a hanyar da akuya ko ɗan acaɓa kan ɓullo ba sallama?

Shi kansa wilin, wanda wasu ke kira rim, yana da nasa lambobin, kuma a nan ne na fi ganin ganganci. Mai saye yakan ƙirga ramukan noti kawai, ya ga shida ne, ya ce ya yi daidai. Gaskiya ne Hilux mai ramuka shida tana amfani da awon milimita 139.7, kamar waɗansu motoci da dama, amma shigar noti ba ita ce dacewa ba. A bayan wili akwai lamba da ke biye da haruffan ET, wadda ke nuna yadda zai zauna, ko ya shige ciki ko ya fito waje. Na kamfani yakan kasance wajen 30, na kwalliya kuwa sau da yawa 0 ne ko ƙasa da haka, domin taya ta leƙo waje daga madigadi motar ta yi kwarjini. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa hannunsa a miƙe, ya kuma ɗauka hannunsa a jikin cinyarsa, ya san bambancin da boris yake ji. Kwanakin baya an kawo mini wata da mai ita ya ce tana kuka a gaba idan ta ɗauki gudu. Da na ɗora hannu a kan hob ɗin, wato ƙarfen da ake ɗaura wili a jikinsa, sai da na janye saboda zafi, da muka ɗaga ta da jak kuwa tayar tana girgiza a hannuna kamar haƙorin da ya kusa fita. Cikin madigadin ya goge ya yi sumul, gefen tayar kuma yana da zane zagaye inda take taɓa ƙarfe duk lokacin da aka karya kwana. Wata shida kacal ke nan da ɗaura wilin.

A wannan motar dai na tarar an ɗaure sabon wili da tsofaffin notika. Notin wilin alminiyam na Toyota gindinsa shafaffe ne mai washa, yawancin wilin kasuwa kuwa raminsu mai gangara ne, yana buƙatar noti mai tsinin gindi. Idan aka haɗa su ba daidai ba, noti yana kama ɗan gefe ne kawai, a hankali ya sassauta, ramin ya buɗe ya koma kamar ƙwai. Ramin tsakiya ma dole ya zauna daram a kan hob, wanda a wannan mota milimita 106.1 ne, in ba haka ba sitiyari ya riƙa rawa ko an yi balansin.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wili mai inci 20 ko 22 da siririyar taya. Taya 265/50R20 tsayinta kusan ɗaya ne da ta kamfani, ba ta ɗaga motar ko kaɗan ba, sai dai ta rage gefen taya daga milimita 172 zuwa 132. Wannan gefen shi ne matashin da ke shanye dukan rami. Wilin ƙarfe idan ya lanƙwashe, mai faci na bakin kasuwa zai buga shi da guduma ka isa gida; na alminiyam tsagewa yake yi, kuma wanda aka yi wa walda ba abin da zan yarda in ɗora iyalina a kai ba ne. Sannan a duba lambar nauyi da ke bin lambar girma. Idan an rubuta 112, tayar tana ɗaukar kilo 1,120; idan 100 ce, kilo 800 ne iyakarta. Buhu 10 na masara tan guda ne, kuma kusan dukkansa a kan tayoyin baya biyu yake sauka, ban da nauyin motar kanta, ga zafin kwalta a watan Afrilu.

Da yake manyan tayoyi sababbi suna da tsada, da yawa sukan koma ga na hannu, kuma ba sa duba lambobi huɗun da ke ƙarshen rubutun gefen taya mai farawa da haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, inda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Safaya kuma akan bar ta a tsohon girmanta, alhali haɗa taya mai tsayi daban da sauran yana wahalar da aksil, musamman idan an sa giyar ƙafa huɗu.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ta haɗa wannan batu cikin wayar da kan da take yi a tashoshin mota game da tsofaffin tayoyi, ina kuma roƙon ƙungiyarmu ta kanikawa da 'yan'uwanmu masu sayar da taya mu riƙa faɗa wa mai mota gaskiya ko da ciniki zai tashi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da kamfani ya manna, mai ɗauke da girman taya da yawan iskar da ta dace. Ni dai a garejina daga nan muke farawa. Wanda aikinsa ya buƙaci ƙari, nakan ba shi shawarar ya tsaya a mataki ɗaya, kamar 265/70R17 a kan wilinsa na asali, ya sayi guda biyar har da safaya, mu murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe da kaya a baya mu tabbatar ba inda take taɓawa, sannan ya dawo bayan tafiyar kilomita 100 mu sake ɗaure notika.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.

Naka,
Wani bakanike mai karanta jaridarku,
Kano.