Makin da ba a rubuta ba, gardama yake haifarwa

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da manya da yawa suke ɗauka shiririta, ni kuwa da shi nake ciyar da iyalina. Ina da shagon cajin waya a Tudun Wadan Zariya, da talabijin biyu da yara ke biya su buga ƙwallon gem. Amma ba ƙwallon ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wasannin tara maki ne, irin su Tetris na jera tubala da Subway Surfers na gudu a kan layin dogo, waɗanda ba ka da abokin karawa sai lambar da wani ya bari kafin ka zo.

Bara da damina yara biyu suka kusa ba wa hamata iska a ƙofar shagona. Ɗaya ya ce ya haura miliyan biyu a Subway Surfers, ɗayan ya ce ƙarya yake. Aka ce ya nuna, ya ce wayar ta yayansa ce, ya tafi da ita Kaduna. Sai ga yaro yana rantsuwa da Allah a kan wasan waya. Wannan rantsuwa ta tsaya mini a rai har na kwanta. Washegari na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ja layi na raba shafin gida huɗu: suna, wasa, maki, kwanan wata. Daga baya na ƙara gida na biyar, na mai shaida.

Tun daga nan duk Asabar bayan la'asar muke zama, kafin a kira magariba kowa ya kama gabansa. Wayar shago guda ɗaya kowa ke bugawa, kuma da dalili. A Subway Surfers akwai lambar da ke ninka maki, tana hawa ne gwargwadon ayyukan da mutum ya kammala a cikin wasan, don haka wanda ya shekara yana bugawa a wayarsa zai tsere wa sabon shiga ko da bai fi shi hannu ba. Ga kuma irin wasan da aka yi wa kutse, mai makullai da kuɗin wasa ba iyaka, yana yawo a wayoyin yara. Kowa sau uku zai gwada, a ɗauki mafi girma. Wani yana tsaye a bayansa yana ɗaukar bidiyo, yatsu da fuskar waya su fito tare. Ba a sa ko sisi. A wannan ba na sassautawa, wanda na kama yana ƙulla caca a gefe ya bar mini shago ke nan. Gwarzon mako yakan samu awa ɗaya ta ƙwallo kyauta da lemo mai sanyi.

Littafin bai daɗe ba. Wani dare kwanon rufi ya yi yoyo daidai kan teburina, da safe na tarar tawada ta narke, makin wata biyu ya tafi. Wani ɗan yaro da ke tallan gyaɗa, wanda sunansa ya yi mako uku a sama, ya ɗaga shafin yana neman layinsa, idonsa cike da ƙwalla. Ya ce, "Baba, yanzu wa zai yarda na taɓa zama na ɗaya?" Na rasa abin da zan ce masa.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta, shi ya fitar da ni. Ya buɗe mana jadawali a Google Sheets, ni da shi kaɗai ke iya rubutu a ciki, kowa kuwa yana iya dubawa daga WhatsApp. Laƙabi muke sawa, ba cikakken suna ba, babu hoton fuska, babu lambar waya, don ƙananan yara ne. Bidiyon mutum uku na sama kawai muke ajiyewa, saboda data ba arha.

Shi ne kuma ya nuna mini cewa ba ni na fara ba. Wani Ba'amurke, Walter Day, ya buɗe gidan gem mai suna Twin Galaxies a garin Ottumwa na jihar Iowa a 1981, a shekarar da ta biyo ya fara fitar da jadawalin maki, mutane na bugo masa waya daga garuruwa suna faɗin nasu. Har kundin Guinness ya riƙa ɗauka daga wurinsa. Su ma sun sha tasu wahalar. Wani ya ce a 1982 ya gama wasan gem na tseren mota mai suna Dragster cikin daƙiƙa 5.51, aka rubuta, ya zauna a sama shekara 35. Da aka tona lissafin da wasan ke gudana a kai, aka ga ba yadda za a yi a sauka ƙasa da 5.57, sai a 2018 aka soke. Ina tuna duk waɗanda suka ɓata dare suna bin lambar da ba ta kamuwa, tausayinsu ya kama ni. Ka kwatanta da Willis Gibson, ɗan shekara 13 a Oklahoma, wanda a Disambar 2023 ya buga Tetris na na'urar Nintendo har mataki na 157, wasan ya sandare. Ba wanda ya yi masa musu, don bidiyonsa na nan tun daga tubalin farko.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya. Gem na cinye lokacin yaro, ni ma uba ne. Shi ya sa ba na karɓar kowa a lokacin boko ko Islamiyya. Amma wayar nan ta riga ta shiga hannunsu, ba ni na ba su ba. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ya san za a rubuta makinsa gaban shaida yakan jira layinsa, in an wuce shi ya miƙa hannu ya ce sai wani makon. 'Yata, wadda ba ta zuwa shago, nakan kai mata wayar gida ranar Juma'a da dare, mahaifiyarta ta ɗauki bidiyo. Ita ce ta biyu a Tetris yanzu, kuma yaran sun duba bidiyon sun yarda.

Roƙona biyu ne. 'Yan'uwana masu shagunan gem a Zariya, Kaduna, Kano da Funtuwa, mu tsayar da wasa ɗaya da ƙa'ida ɗaya, mu zuba makin a jadawali ɗaya, ɗan Sabon Gari ya san inda ya tsaya da ɗan Fagge ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Kai kuma ranka ya daɗe, ko layi biyar ne a ƙasan shafin wasanni, sau ɗaya a wata, ka buga mana laƙabin na sama. Mai tallan gyaɗan nan ya koma na ɗaya a makon jiya, na kuma yi masa alkawarin zan rubuto maka.

Naka,
Mai shagon caji da gem,
Tudun Wada, Zariya.