Musun da muke yi kan tsafin Game of Thrones ba shirme ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ake yawan jifanmu da ita, wai matasan da ke zama suna musu kan yadda tsafi yake aiki a fina-finai da littattafan almara rashin aikin yi ne kawai ke damunsu, wai ina ruwan wani da yadda aka yi ƙwan dodo ya ƙyanƙyashe alhali dodon ma babu shi a duniya. Toh ni ina cikin masu wannan musun kuma ba na jin kunyar faɗa. Kafin wani ya tashi min da wa'azi bari in riga shi, sihiri haramun ne, wannan babu ja, amma abin da muke magana a kai ƙagaggen labari ne da wani Bature ya zauna ya tsara, kuma ba mu taɓa jin an ce wanda ya saurari tatsuniyar Dodo ya yi imani da Dodo ba.

Bari in ɗauki Game of Thrones tunda shi ne kusan kowa ya kalla, wasu da Turanci wasu da fassara. Asalinsa littattafai ne na wani marubuci ɗan Amurka, George R. R. Martin, na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011, na shida kuwa har yau ana nan ana jira, yaran da aka haifa lokacin fitowar na biyar yanzu sun shiga sakandare. Fim ɗin mai dogon zango da tashar HBO ta yi ya fara a 2011 ya ƙare a 2019, zango 8 kashi 73. To wannan dogon jiran shi ya haifi hasashe, mutum ya karanta littafi ya ƙare babu ci gaba, me zai yi in ba ya koma baya yana tsintar alamomi ba.

Kuma ranka ya daɗe tsintar nan tana biya. Tun fitowar littafin farko masu karatu suka fara cewa anya Jon Snow ɗan Ned Stark ne kuwa, mutumin da ake kwatance da shi wajen riƙe amana a ce ya je yaƙi ya dawo da ɗan gaba da fatiha? Suka lura da ƙanwar Ned, Lyanna, da ta mutu cikin jini tana roƙonsa ya yi mata wani alkawari da ba a faɗa mana ba, suka lura da cewa manyan dogaran sarki har uku ne ke gadin hasumiyar da take ciki a lokacin da ya kamata a ce suna wajen sarki, sannan a littafi na biyu Daenerys, 'yar gidan sarautar da aka hamɓarar, ta ga wahayin shuɗin fure yana tsirowa daga jikin katangar ƙanƙara mai tsare arewacin ƙasar, alhali shuɗin fure alamar Lyanna ce kuma Jon ne ke zaune a katangar. Suka haɗa suka ce yaron nan ɗan Lyanna ne da Yarima Rhaegar. Sai a 2016 da 2017 fim ya zo ya tabbatar, kusan shekara ashirin bayan nan. Shi kansa Martin da masu shirya fim ɗin suka je neman izininsa tambayar da ya yi musu ita ce wace ce uwar Jon Snow, yana so ya gane ko sun yi karatun da gaske. Don haka wanda ya ce hasashe shirme ne ya sani cewa marubucin da kansa ya binne alamomin don a tono.

Inda nake da ja da 'yan uwana masu hasashen shi ne wajen tsafi. Wasu so suke lallai sai an ba su doka a rubuce kamar lissafi, in ka zuba jini kaza ka karanta kalma kaza za ka samu abu kaza. Akwai marubutan da haka suke yi kuma yana da daɗi, Brandon Sanderson misali, a jerin littattafansa na Mistborn mutum haɗiye ɓarɓashin ƙarfe yake yi ya ƙona shi a cikinsa, wani ƙarfen ya ba shi ikon janyo ƙarfe wani ya ba shi ikon ture shi, kuza ta ƙara masa kaifin ji da gani, in ƙarfen ya ƙare a ciki shikenan ikon ya ƙare. Sanderson ɗin ne ma ya rubuta a 2007 cewa gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labari, gwargwadon yadda marubuci ke da damar warware matsala da shi. Amma Martin ba haka ya gina tasa duniyar ba, shi matsafansa ma ba su gama sanin abin da suke yi ba, lalube suke, abu ɗaya ne dai ba ya canzawa a wajensa, duk tsafin da ya ci sai an biya kuma biyan mai ciwo ne.

Dubi yadda Daenerys ta samu dodanninta. Kusan shekara 150 babu dodo a duniyar, danginta sun yi ta gwadawa, wani yarima cikinsu har wani koren ruwa mai kama da wuta ya sha wai zai rikiɗe ya zama dodo ya mutu murus, wani sarkin kuma ya tara iyali a fadar Summerhall don a ƙyanƙyashe ƙwai gobara ta cinye su. Ita kuwa sai da ta rasa ɗan da ke cikinta, ta rasa mijinta Drogo, ta ɗaure matsafiyar da ta cuce ta a jikin itacen ƙona gawa, sannan ƙwai uku suka fashe. Matsafiyar ce ma da bakinta ta koya mata cewa ba a fansar rai sai da mutuwa. Masu hasashe suka ce rai uku ƙwai uku, lissafi ya fita. Wataƙila. Amma in lissafi ne kawai me ya hana na Summerhall ci, ai can ma rayuka sun salwanta fiye da uku. Kuma Martin ya taɓa faɗa cewa rashin ƙonewarta a wannan dare abu ne na sau ɗaya, ba wai 'yan gidansu wuta ba ta cinsu ba ne, fim ne ya mayar da ita kamar mai laƙanin wuta har ta sake shiga gobara a zango na shida ta fito lafiya lau.

Wanda ya fi burge ni shi ne Beric Dondarrion. Sau shida ana kashe shi malamin jar wuta Thoros yana dawo da shi, kuma Thoros ɗin mashayi ne da shi kansa bai yarda da addu'ar da yake karantawa ba a farko, kawai ya yi wa abokinsa al'adar sallamar gawa sai ya ga mutum ya buɗe ido. Amma kowace dawowa sai Beric ya rasa wani abu, a littafi yana cewa ya manta hanyar gidansu, ya manta launin gashin matar da aka yi masa baiko da ita, ya manta abincin da yake so. Daga ƙarshe ya ba Catelyn Stark, matar Ned, ran nasa bayan ta kwana uku a mace an tsamo ta daga kogi, abin da ya tashi kuma ba uwar nan mai tausayi ba ce, wata halitta ce da ba ta san komai ba sai rataye mutane don ramuwa. Fim bai saka wannan ba sam.

Sai Melisandre, jar matsafiyar nan. Ta sa Stannis, mai neman sarautar da take yi wa aiki, ya jefa matsattsaku uku masu ɗauke da jinin sarauta cikin wuta ya ambaci sunan sarakuna uku, Robb da Joffrey da Balon, kuma duk ukun suka mutu. To ita ta kashe su? Robb dai mun ga waɗanda suka ci amanarsa a wajen biki kuma sun daɗe suna ƙulla abin, Joffrey guba aka sa masa, Balon daga kan gada ya faɗo. Wasu suka ce tsafin ne ya ja hannun makasan, wasu suka ce a'a ta hango mutuwar ce a cikin wuta sai ta yi wasan kwaikwayo don Stannis ya ƙara sakankancewa da ita. Ni ina tare da na biyun, saboda a littafi na biyar da aka shigar da mu cikin tunaninta mun ga tana ɗauke da garin magunguna a hannun riga na canza launin wuta da tada hayaƙi, har tana damuwa sun kusa ƙarewa. Amma kuma inuwar da ta haifa ta je ta kashe Renly, ƙanin Stannis mai ja da shi kan sarauta, ba siddabaru ba ne, gaske ne, kuma Stannis ne ya biya da ƙarfin jikinsa. Wannan musun wallahi sai a kwana ana yi kowa da hujjarsa daga cikin littafi, irinsa nake karewa.

Ba na kare masu shaci-faɗi ba. Akwai waɗanda suka dage wai Varys, shugaban leƙen asirin fada, ɗan ruwa ne, akwai masu cewa Bran ɗan Ned Stark ne Sarkin Dare, wato shugaban rundunar matattu, abin dariya ma Sarkin Daren irin na fim babu shi a littattafan da suka fito, sunan wani tsohon kwamanda ne kawai a cikin tatsuniyar mutanen arewacin ƙasar. Haka batun yanayi, duniyar da zafi kan yi shekara goma sannan hunturu ya zo ya yi shekaru, har wasu masu nazarin taurari a Amurka sun taɓa rubuta takarda cikin raha a 2013 suna cewa ƙila duniyar rana biyu take kewayawa, alhali Martin ya riga ya ce dalilin na sihiri ne ba na kimiyya ba kuma sai ƙarshen labari zai bayyana. Ita ma katangar mai tsawon ƙafa 700 da nisan mil 300 ba sai an kira injiniya ba, labarin ya faɗa da tsafi aka gina ta.

Abin da ya sa mutane suka fusata da ƙarshen fim ɗin har sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet wai a sake zango na takwas, a ganina ba don hasashensu bai ci ba ne kawai kamar yadda ake yi musu gori. An daina biyan farashi ne. Jon ya mutu ya dawo a 2016 bai manta komai ba, bai canza ba sai ɗaurin gashi. A zango na bakwai mutane na tsaye kan ƙanƙara matattu sun kewaye su, yaro ya ruga da ƙafa zuwa katanga, hankaka ya kai saƙo har kudu, dodo ya taso ya iso, duk kafin sanyi ya kashe su, tafiyar da a zangon farko sai an yi makonni. An shekara takwas ana mana alkawarin dogon dare sai aka gama shi a kashi ɗaya da wuƙa ɗaya.

Mu Hausawa ai bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wajenmu ba, duk wanda ya tashi yana jin labarin 'yan tauri ko layar zana ya san ba a ba da asiri sai da sharaɗi kuma kowane asiri da makarinsa, ranar da aka karya sharaɗi ranar wuƙa za ta kama. Shi ya sa nake jin haushin wasu littattafanmu na yaƙi da bokaye, jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai kawai ya tuna da wani zobe da ba a taɓa ambata ba tun shafin farko ya murza aljani ya fito, babu abin da ya rasa babu abin da ya biya, to me mai karatu zai yi hasashe a kai? Marubutanmu suna da basira, kayan aikin ma a gida suke.

Malam Edita roƙona shi ne ku ɗan ware mana gurbi a shafin nishaɗi ko sau ɗaya a wata masu karatu su riƙa aiko da hasashensu, da sharaɗin kowa ya kawo hujja daga cikin labarin. Bari in fara da nawa. A littafi na biyar an soke Jon kuma kalmar ƙarshe da ta fito daga bakinsa sunan kyarkecinsa ne, Ghost, sannan an buɗe wannan littafin ne da labarin wani mutum mai iya shiga jikin dabbobi, wanda ya yi bayanin yadda irinsu ke ci gaba da rayuwa a jikin dabba bayan mutuwa suna mantuwa da mutuntakarsu a hankali, kuma Melisandre ta hango Jon a wuta yana mutum ya koma kyarkeci ya sake komawa mutum. Don haka ni na ce ransa na jikin Ghost kuma zai dawo da halin dabba a tare da shi. Wanda za a biya da shi kuwa ina tsoron Shireen ce, don a littafi yarinyar tana nan da ranta a katanga tare da uwarta da Melisandre, ubanta Stannis yana can nesa kusa da Winterfell dusar ƙanƙara ta rufe shi da rundunarsa. Wanda yake da ja ya aiko da nasa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya