Zanen Yaƙi na Dā da Hotunan Gawa a Wayoyinmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in yi tsokaci kan yadda masu zanen ɗab'i na dā suka nuna yaƙi, al'amarin da nake ganin ya shafe mu a Zamfara.

A 1633 mai zane Jacques Callot ya fitar da zane 18 kan ɓarnar sojoji a Turai. Yakan shafe farantin jan ƙarfe da wani fenti mai tauri, ya zana da allura, ya tsoma shi a ruwan asid domin ya cinye layukan, sannan a shafa tawada a danna a takarda. A ɗaya daga cikin zanen an rataye mutane birjik a rassan itace guda, wasu kuma na caca a kan ganga a gindinsa.

Francisco Goya na Sifaniya ya fi shi zafi. Tsakanin 1810 da 1820 ya yi zane 82 kan mamayar da sojojin Napoleon na Faransa suka yi wa ƙasarsa da yunwar Madrid, bai ƙawata kowane ɓangare ba, kuma ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa.

Mu kuwa, da zarar 'yan bindiga sun afka wa ƙauye, sai hotunan gawarwaki su cika WhatsApp, babu sutura, babu tunanin uwar mamacin, wadda wataƙila a nan za ta fara ganin ɗanta. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Ina kira ga malaman zane a makarantunmu na Gusau su koya wa ɗalibai wannan sana'a, domin a adana shaidar abin da ya same mu cikin mutunci.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Gusau